Nawa Aka Kashe? Tambayar da Baƙo Ya Shigo da Ita ta Ƙofar Durbi

Motar Daura ta sauke shi da hantsi, daidai inda titi ya kutsa ta ƙarƙashin Ƙofar Durbi ya shige birnin Katsina. Malamin makaranta ne daga Zariya. Ɗaurin aure ya kai shi Daura, ya kwana biyu, sai ya ga bai kamata ya koma gida bai gaida ta Dikko ɗakin kara ba. Lokacin hunturu ne, hazo ya lulluɓe gari, leɓe na tsagewa, masu Keke Napep sun naɗe fuska da rawani sai idanu. Ya tsaya gefen titi da 'yar jakarsa, ya ɗaga kai yana duban ƙofar, yana kuma juya wata tambaya da ta daɗe tana cin sa a rai.

Daga nesa ya ɗauko tambayar. Shekarun baya, da karatu ya kai shi Ingila, abokai sun ja shi wani ƙauye mai suna Woodstock kusa da Oxford, don ya ga gidan da ake kira Blenheim. Gida ake ce masa, amma wanda ya saba da gidajenmu zai rantse gari ne. A can aka haifi Winston Churchill a 1874. Girman ginin bai tsaya wa malamin a rai kamar yadda lissafinsa ya tsaya masa ba, domin Turawan sun san abin da aka kashe, sun san wanda ya biya, sun ma san wanda aka hana haƙƙinsa.

Ga yadda labarin yake. A 1704 wani janar mai suna John Churchill, mai riƙe da sarautar Duke ta Marlborough, ya ci sojojin Faransa da yaƙi. Sarauniya Anne ta yi masa tukuici da fili da alkawarin gida daga aljihun hukuma. Aka soma aiki a 1705, aka damƙa zanen a hannun John Vanbrugh, mutumin da ya fara yin suna a rubutun wasan kwaikwayo kafin ya koma zanen gini. Ana cikin aiki sai zumunci ya lalace tsakanin Sarauniya da Sarah, matar janar ɗin, wadda a da aminiyarta ce ta ƙut da ƙut. A 1712 aka toshe bakin aljihu. A lokacin an riga an kashe fam 220,000, magina da masu kawo kaya kuma suna bin bashin fam 45,000. Sai a 1716 aka koma aiki, wannan karon da kuɗin mai gida, wanda ya rasu a 1722 bai ga ƙarshen ginin ba. Da aka haɗa kai da kai, abin ya tasar wa fam 300,000.

Malamin ya taɓa zama ya auna wannan kuɗi da gumin talaka. Fam ɗaya sule 20 ne. Leburan gona a Ingila ta wancan ƙarni yana samun abin da bai wuce sule ɗaya a yini ba. Ke nan kuɗin Blenheim ya kai ladan yini miliyan 6: a ce lebura dubu su fita aiki kwana 300 a shekara, su yi haka shekara ashirin cur. Tun daga ranar yake tambayar kansa, to namu fa? Ganuwa da soraye da gidajen sarauta da kakanni suka bari, nawa aka kashe?

Ƙofar da ke gabansa ba za ta ba shi amsa ba, don an sake ta da siminti, an faɗaɗa ta yadda manyan motoci za su wuce. Tana ɗaya daga cikin ƙofofin nan da kowane ɗan Katsina ke jerowa ba tare da ya yi tuntuɓe ba: Ƙaura, Kwaya, 'Yanɗaka, Guga, Sauri, Durbi, Marusa. Wannan ita ke duban gabas, ta ba hanyar Mani da Daura fuska. Sunan ma daga can yake, domin Durbin Katsina shi ne Hakimin Mani, kuma a ƙasar Mani ne Durɓi ta Kusheyi take, inda kaburburan sarakunan farko suke, waɗanda Bature Palmer ya fara tonawa a 1907.

Ya ratsa cikin unguwa yana neman abin da ya saura na ganuwa. Akwai inda ya ga tudun jar ƙasa ya kwanta kamar raƙumin da ya gaji, awaki na hawa suna sauka. Akwai inda aka yanke tudun aka dasa shago. Akwai inda ba ko alama, sai dai a nuna maka da baki a ce ta nan ta bi. A gindin wata bishiyar darbejiya ya tarar da wani dattijo zaune a kan buzu, tafin hannunsa ya yi kanta kamar bayan kunkuru. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi. Da hira ta miƙa, ashe tsohon magini ne, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa.

"Baba, ganuwar nan, nawa kake jin ta ci?"

Dattijon ya yi dariya har ya nuna gurbin haƙoransa. "Malam, kai ɗan boko ne ko? Ai ba kuɗi ta ci ba. Mutane ta ci. In kana son ka ga abin da aka biya, je ka leƙa kududdufi."

Wannan magana ta fi masa karatun littafi uku. Duk tsohon birnin ƙasar Hausa cike yake da kududdufai, ba kuwa Allah ne ya halicce su haka ba: ramuka ne da aka haƙa aka kwashi ƙasar gini. Duk inda ka ga bango ya tashi, akwai ramin da ya yi zurfi daidai da shi a kusa. Abin da Bature ya rubuta a littafin akawu, Bahaushe ya bar shi a ƙasa, ruwan damina na taruwa ciki, kwaɗi na kuka. Kududdufi shi ne rasit ɗinmu.

Rasit ɗin Katsina kuwa ba ƙarami ba ne. Masana tarihi na danganta babbar ganuwar da Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Katsina a farkon 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, wato ya haura kilomita 20. Ya tarar da mazauna birnin ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba, sauran filin duk gonaki ne da kangaye, domin jihadi da yaƙe-yaƙen da suka biyo bayansa, tsakanin sarakunan Fulani na gidan Ummarun Dallaje da Haɓen da suka koma Maraɗi, sun kori kasuwa zuwa Kano. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: bango mai tsawon gida mai hawa biyu ko uku, mai kauri a gindi, ya miƙe tafiyar da mai ƙafa zai yi sa'a huɗu ko biyar kafin ya zagaye. Kowace ƙwarya ta ƙasarsa a kan wani ta hau. Kowane tulun ruwan da aka kwaɓa ta da shi, wata ko wani ne ya ɗauko.

Yadda ake biyan irin wannan aiki sananne ne a biranen Hausa. Bayan an gama girbi, sarki ya ba da umarni, a raba ganuwa gunduwa-gunduwa, kowane mai sarauta da rabonsa, shi kuma ya tara mutanen ƙasarsa da bayinsa. Makaɗa na kiɗa, ana zuga samari, ana dafa abinci a manyan tukwane. Ana kiran abin gayya, kuma akwai gayyar gaskiya a ciki, tunda ganuwar ce ke kare kowa ranar da mahara suka zo. Sai dai gayyar da sarki ya kira ba irin ta maƙwabci ba ce. Ba wanda ke cewa yau ba ni da sukuni.

Dattijon ya gyara zama ya shiga lissafa masa abin da soro guda ke ci, yana lanƙwasa yatsu. Da farko ƙasa, ba kowace iri ba, mai danƙo. A jiƙa ta, a zuba ciyawa da kashin doki ko na jaki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana da kwanaki tana ruɓa. Sannan a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini na bisa bango, yaro na ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa. Ba a ɗora sahu da yawa a yini, sai na ƙasa ya sha iska. Saboda haka babban soro ba aikin mai gaggawa ba ne, kuma rani kaɗai ake yinsa.

"To, ina tsadar take, Baba?"

"Azara, ɗana. Ƙasa kyauta ce, azara ce ke raba mai hali da talaka."

Azara itacen giginya ne da aka tsaga, gara ba ta cinsa, amma daga nesa ake ɗauko shi a kan jakai da raƙuma. Ga shi kuma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ɗaki ya zarce kamar mita biyu. Wanda ke son zaure mai faɗi, wanda zai ɗauki fadawa da baƙi, dole a yi masa bakan gizo: a riƙa jera azara ana ɗaure ta hawa-hawa daga bango, tana lanƙwasowa har ta haɗu a tsakiya, a lulluɓe ta da ƙasa. In bakunan suka gicciya juna suka tallafi tulluwa, an sami ɗaurin guga. Wannan ba aikin kowane magini ba ne, sai gwani. Saboda haka a da, mutum na shiga zaure ya ɗaga kai, ya ƙirga bakan gizo, ya san nauyin mai gidan ba sai an faɗa masa ba. Malamin ya tuna Masallacin Juma'a na garinsu, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, wanda har yau masana gini daga ƙasashen waje ke zuwa kallon rufinsa.

Bayan rufi sai kariya daga ruwa. Makuba, daga ɓawon ɗorawa, ita ke ba bango wannan ja mai duhu. Laso kuma, simintin Bahaushe, ana haɗa shi da katsin da aka kwaso daga karofi, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Ke nan gidan babban mutum yana ci daga hannun marina da majema da masassaƙa da maƙera da masu jakai. A sa indararo, a ɗaga zanko a kusurwa, mai zane ya zo ya ƙawata fuskar zaure. In an biya gwani, da riga ake biyansa, ko doki, ko damman hatsi, ko keso na wuri, wanda ke ɗauke da wuri 20,000. Barth ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500 a Kano, don haka keso guda dala takwas ne kacal, ga shi kuma kaya ne na ƙato. Kuɗin da sai an ɗauko masa ɗan dako, ba da shi ake gina birni ba.

Da rana ta take, malamin ya yi wa dattijon sallama, ya tari Keke Napep zuwa tsohuwar Kwalejin Katsina. A hanya ya riƙa tuna cewa sarautar Durbi da kanta tana da labarin gini a cikinta. Baturen mulkin mallaka Lugard ya shigo Katsina a 1903 ta Ƙofar 'Yanɗaka. Wanda ke riƙe da sarautar Durbi a lokacin shi ne Muhammadu Dikko, ɗan Durbi Giɗaɗo, kuma shi aka ɗora wa hidimar baƙin da ba a gayyata ba. Labarin da ake bayarwa a Katsina shi ne, da Turawa suka nemi a gina musu bariki aka raba aikin tsakanin masu sarauta, Durbi ne ya riga kowa kammala nasa, abin da ya sa idonsu ya tsaya a kansa. Aka tuɓe Sarki Abubakar a 1904, aka tuɓe Yero a 1906, aka naɗa Dikko, wanda ya yi mulki har 1944. In labarin ya tabbata yadda ake faɗinsa, to saurin tara ma'aikata da tayar da bango yana cikin abin da ya mayar da sarautar Katsina gidan Sulluɓawa, inda take har yau.

A zamanin Dikko ne kuma lissafi ya sake kama. A Katsina aka fara kafa Baitulmali a Arewa, shi da Palmer, haraji ya riƙa shiga asusu guda, sarki da hakimai suka koma kan albashi, aikin gini ya zama abin da ake ware wa fam da sule a takarda. Daga nan tambayar "nawa aka kashe" ta fara samun amsa da lambobi. Aikin tilas dai bai mutu nan take ba. Ya sake riga ne kawai, tunda da shi Turawa suka yi hanyoyi da barikoki.

Kwalejin, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, da ƙasa aka gina ta, da hannun maginan gari. Ɗakunanta masu kaurin bango ne, da ka shiga sai ka ji sanyi ya sauko maka kamar an buɗe randa. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Yau gidan tarihi ce. Malamin ya daɗe yana shafa bangon, yana mamakin yadda mutanen da suka riƙe Nijeriya a ranar samun 'yancin kai suka fito daga ɗakin tubali, alhali jikokinsu na ganin ginin ƙasa abin kunya ne.

Daga can ya gangara Ƙofar Soro, ya tsaya a filin Kangiwa yana hangen Gidan Korau, fadar da ke ɗauke da sunan Sarki Muhammadu Korau na ƙarni na 15. Bai nemi shiga ba. Ya wuce Gobarau, hasumiyar ƙasa mai tsayin kusan mita 15, wadda ta ga zamanin da malamai irin su Al-Maghili ke ratsa Katsina. Ya hau matakalarta a hankali, kafaɗunsa na gogar bango, ya fito sama ya dubi gari: kwano, kwano, kwano, sai tankunan ruwa da faifan tauraron ɗan'adam. Rufin soro sai an ƙura ido.

A can saman ne wani ɓangare na lissafin ya faɗo masa, wanda ba a cika son faɗinsa ba, a Ingila ko a nan. Yawancin manyan gidajen Ingila da kuɗin hayar gonaki aka gina su, wasu da sadakin da mata masu dukiya suka shigo da shi, wasu da kwal. Amma akwai waɗanda rake ya gina, raken da bayi 'yan Afirka suka noma a tsibiran Karibiyan. Gidan Harewood, wanda Edwin Lascelles ya gina daga 1759 zuwa 1771, da irin wannan dukiya ya tashi. Da Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya, ba don bayin ba, don iyayengijinsu. Gidan Lascelles ya karɓi sama da fam 26,000 a kan bayi 1,277. Sai William Beckford, magajin gonakin rake a Jamaika, wanda ya narka fam 273,000 a gidan Fonthill. Gaggawa ta sa ya riƙa sa magina aiki dare da rana da fitilu, aka yi wa doguwar hasumiyarsa tushen da bai kai ya kawo ba. Kuɗin rake ya ja baya, ya sayar da gidan a 1822, hasumiyar kuma ta rufto a 1825. Gobarau, da ƙasa da azara, tana nan tsaye.

Sai dai malamin bai bar kansa ya yi alfahari da yawa ba. Wa ya ɗauki ƙasar ganuwa? Wa ya noma hatsin rinji da gandun sarki, wanda aka ciyar da magina da shi? Bayi na cikinsu, da yawa kuwa. Dokar Lugard ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma bautar kanta sai a 1936 aka haramta ta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya. Bambancin kawai, na Harewood an rubuta adadinsu saboda za a biya diyya a kansu. Namu sun tafi ba suna ba adadi, sun bar kududdufi.

Akwai kuma abin da maginin ya faɗa masa da safe, wanda sai yanzu ya zauna masa daidai. "Ginin ƙasa kamar doki yake, Malam. Ba sayensa ne wuya ba, ciyar da shi." Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau rufi an toshe tsaga, an gyara indararo, an sake yaɓe. A yi sakaci damina biyu ko uku, ruwa ya sami hanya, azara ta jiƙe, wata rana da tsakar dare a ji rugugi. Ganuwa ma haka take. Da Turawa suka ci ƙasa yaƙi ya ƙare, ba wanda ya sake kiran gayyar gyaranta, sai ruwa ya ci rabonsa, masu neman ƙasar gini suka ci nasu, masu neman fuloti suka ƙarasa.

Abin mamaki, dutsen Ingila ma bai tsira daga wannan ba. Gidan da ke da ɗaki ɗari yana buƙatar barori da dama, da masu lambu, da masu kula da dawaki, da kwal na ɗumama shi, da rufin darma da ba ya ƙarewa da gyara. Muddin gona na kawo kuɗi kuma lebura na da araha, abin na tafiya. Daga shekarun 1870 hatsin Amurka mai araha ya karya farashi, kuɗin haya ya faɗi. A 1894 aka shigo da harajin gado, wanda ya yi ta hawa har ya kai kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙin farko ya riga ya cinye magada da barori, waɗanda suka dawo kuma suka gwammace aikin masana'anta. Lokacin da Sarki Dikko ya fara zuwa Ingila a 1921, a tafiyar da ya yi aikin Hajji, manyan iyalai na can sun riga sun shiga sayar da filayensu. Zuwa 1955 ana rushe babban gida guda kusan kowane kwana biyar. Eaton Hall, wanda Duke na Westminster ya sake ginawa daga 1870 zuwa 1882 a kan kuɗin da ya haura fam 600,000, bai cika shekara ɗari ba aka sa masa guduma a farkon shekarun 1960. Hatta masu gidan Chatsworth, da duk arzikinsu, sai da suka miƙa wa hukuma wani gidansu, Hardwick Hall, a madadin harajin gado.

Waɗanda suka tsira, dabara ce ta tsirar da su. Wasu an miƙa su ga ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895. Wasu masu gidan sun buɗe ƙofa, suna sayar da tikiti da shayi, suna ba da hayar zaure ga masu biki da masu shirya fim. Tikitin da malamin ya saya a Blenheim, ashe gudunmawarsa ce ta gayyar gyaran rufi, bai sani ba. A ganinsa nan ne Turawan suka fi mu: ba wajen gini ba, wajen gane cewa tsohon gini yana da abincin shekara, da kuma nemo wanda zai biya bayan masu biya na da sun watse.

Da la'asar ya koma Ƙofar Durbi, don ya yi wa dattijon alkawarin goro. Ya same shi inda ya bar shi, jikansa na gefe yana danna waya. Kusa da su ana ta da wani gida, an jibge bulo da rodi da yashi. Mai ginin kuwa, in ka tambaye shi, zai faɗa maka abin da ya kashe har kuɗin ƙusa, musamman tun farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000, mutane da yawa suka tsaya a linta. Malamin ya tambayi dattijon ko tsadar siminti za ta dawo da mutane ga tubali.

"Wa zai yi masu, ɗana? Ni gwiwa ta ƙare. Wannan," ya nuna jikan da haɓa, "ko kwaɓa ƙasa bai iya ba. Ɗaurin guga kuwa, waɗanda suka iya shi a garin nan, mun kusa ƙarewa."

Yaron ya ɗago ya ce, "Kaka, ai babu kuɗi a ciki," ya mayar da kai kan wayarsa. Ba wanda ya musa masa.

Malamin ya miƙa goron, ya karɓi addu'a, ya nufi tasha. Abin da ya rubuta a littafinsa cikin mota roƙo ne ga masarauta da gwamnatin jiha da jami'o'in da ke Katsina: a nemo tsofaffin maginan da suka rage a ɗauki bayaninsu da aikin hannunsu, a haɗa su da ɗaliban zanen gini, a shata abin da ya saura na ganuwa kafin a yanka shi fuloti, a kuma ware kuɗin yaɓen Gobarau da tsohuwar Kwaleji a kasafin kowace shekara, a saki kuɗin tun cikin rani. Ruwa a Katsina yakan zauna ne a watan Yuni.